Ƙarfin inji daban, gudu daban: yadda za ka auna ainihin abin da babur ɗin jeji zai iya

Duk inda masu babur suka taru, musun ba ya wuce ɗaya: na wa ya fi wuta? Wannan ya ce nasa 200 ne, wancan ya ce nasa 150 ne amma ya sha barin mai 200 yana shan ƙura a hanyar ƙauyensu. Sau da yawa su duka biyun gaskiya suke faɗa. Lambar da aka rubuta a jikin inji tana gaya maka abin da injin zai iya haifarwa ne kawai. Kafin wannan ƙarfin ya zama gudu sai ya ratsa giya, ya bi sarƙa, ya sauka a taya, ƙasa ta karɓe shi ko ta ƙi, sannan iska ta ɗebi rabonta. A kowane zango akwai abin da ke zubewa.

Ina magana ne a kan babur ɗin jeji, wato dogon nan mai babbar ƙafar gaba da taya mai haƙora, wanda aka ƙera domin burji da yashi da duwatsu. Ya haɗa da na tsere irin su Honda CRF450R da Yamaha YZ125, da na aiki irin su Yamaha AG200 da DT125 da Honda XR150L, waɗanda malaman gona da ma'aikatan lafiya ke shiga ƙauyuka da su. Abin yana damuna in ga mutum ya kashe kuɗinsa a kan babban inji, ko ya sa an yi wa salansa aika-aika, alhali abin da ke cinye masa lokaci yana can wani wuri. Ka tanadi biro da takarda da wayarka, mu bi abin daki-daki.

Mataki na 1: Raba lambobi uku da ake cakuɗawa

Ta farko ita ce cc. Wannan girman cikin silinda ne, wato yawan iska da fetur da fistin zai iya zuƙa a saukowa ɗaya. Awon ciki ne, kamar ka ce tukunyar nan tana cin mudu biyu. Girman tukunya bai gaya maka zafin wutar da ke ƙarƙashinta ba. Shi ya sa YZ125, mai cc 125 kacal, yake ba da ƙarfin doki sama da 30, shi kuwa XR150L mai cc 149 yana tsayawa a wajen doki 12. Na farkon irin injin nan ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yana tashin wuta a kowane juyi ɗaya, kuma an ƙera shi ya yi juyi sama da 11,000 a minti. Na biyun yana tashin wuta sau ɗaya a juyi biyu, an kuma ƙera shi ya daɗe yana aiki ba tare da an buɗe shi ba. A gasar tsere an daɗe da sanin haka, shi ya sa ake jera mai cc 125 na nau'in farko da mai cc 250 na nau'i na biyu a aji ɗaya.

Ta biyu ita ce ƙarfin murɗa, abin da direbobi ke nufi idan suka ce inji yana da ja. Ana auna shi da Nm. Shi ne ƙarfin da inji ke murɗa sandarsa da shi, kamar yadda hannunka ke murɗa sifana.

Ta uku ita ce ƙarfin doki. James Watt, injiniya ɗan Sikotilan, shi ya fito da wannan awon a ƙarni na 18 domin ya kwatanta injinansa da dawakan da ake aiki da su a lokacin. Doki ɗaya daidai yake da wat 746. Idan ka ga an rubuta kW a takardar babur, ka ninka da 1.34 ka sami doki.

Abin da ya haɗa ta biyu da ta uku lissafi ne mai sauƙi: ka ninka ƙarfin murɗa da yawan juyi a minti, ka raba da 7,120. Injin da ke ba da Nm 12 a juyi 6,000 yana da doki 10 a wannan lokacin. Idan ya hau juyi 8,000 murɗar ta ɗan ragu zuwa Nm 11, ya kai doki 12 da 'yan kai. Idan kuwa ka bar shi yana lugude a juyi 3,000, ko doki 5 da ƙyar yake bayarwa. Ka riƙe wannan da kyau. Doki 12 ɗin da aka sayar maka ba ya tare da kai kullum, yana zaune ne a wani ɗan tsakani na juyin inji, kuma aikin giya shi ne ta riƙe ka a cikin wannan tsakanin.

Mataki na 2: Cire abin da ba ya isa taya

Yawancin kamfanoni suna auna ƙarfi a bakin inji ne, kafin ya shiga giya. Tsakanin nan da tayar baya ana rasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Mai doki 12 a takarda, wajen 10 da rabi ne ke taɓa ƙasa, kuma wannan idan sarƙa tana da mai, ba ta yi tsauri ba, birkin baya ba ya goga.

Sai yanayi. Inji iska yake shaƙa, kuma gwargwadon kaurin iskar gwargwadon fetur ɗin da zai iya ƙonawa. Duk hawan mita 100 sama da teku yana rage masa kusan kashi 1 cikin 100. Kano tana wajen mita 480, Jos tana wajen mita 1,200. Babur ɗin da ka saba da shi a Kano, idan ka hau da shi Filato za ka ji ya ɗan yi sanyi, kuma ba lalacewa ya yi ba. Zafi ma haka yake yi. Iskar da ta kai digiri 42 a watan Afrilu ta fi ta digiri 25 sirancewa da wajen kashi 5 cikin 100. Babur mai kafireto ya fi jin wannan, domin shi kafireto bai san iska ta ragu ba, yana ci gaba da zuba mai kamar da, sai mai ya yi wa iska yawa, fulogi ya yi baƙi.

Wanda ya fi waɗannan duka ɓarna a ƙasarmu shi ne matatar iska. A lokacin hunturu, kwana kaɗan a hanyar burji ya isa ya toshe ta. Idan ta soso ce, ka wanke ta, ka bari ta bushe sarai, ka shafa mata mai ka matse, sannan ka mayar. Kada ka yarda da shawarar cire ta gaba ɗaya wai don inji ya sha iska. Zai sha, amma tare da ƙura, kuma ƙura ita ke cinye zoben fistin da bangon silinda.

Mataki na 3: Raba ƙarfin da nauyi

Haɗa nauyin babur da naka da na kayanka, ka raba da yawan doki. XR150L yana wajen kilo 130. Da mahayi mai kilo 70 an sami 200, kowane doki yana jan kilo 17 ke nan. Ɗauki goyo da rabin buhun masara, nauyi ya kai 300, kowane doki ya koma jan kilo 25. CRF450R kuwa wajen kilo 111 ne da doki sama da 50, kowane doki bai kai ga jan kilo 4 ba.

Wannan lambar ita ke gaya maka saurin tashi da ƙarfin hawan tudu. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, nauyi bai cika rage ƙarshen gudu ba, sai dai ya sa ka daɗe kafin ka kai. A tudu kuwa lissafinsa a fili yake: kilo 220 a hawan da ke tashi mita 10 cikin kowace mita 100, a gudun kilomita 40 a awa, yana cin doki 3 da ɗoriya domin ɗaga nauyin kaɗai.

Mataki na 4: Lissafa iyakar da giya ta sa maka

A nan nake so ka zauna sosai, domin nan ne kaɗai za ka iya canja halin babur ɗinka da kuɗi kaɗan.

Tsakanin inji da taya ana rage juyi a wuri uku. Akwai ragin farko a cikin inji, tsakanin sandar inji da kuloci. Akwai ragin giyar da kake ciki. Sai na ƙarshe, tsakanin faranti biyu masu haƙora da sarƙa ke zagayawa, ƙarami a gaba, babba a ƙafar baya. Lambobin biyun farko suna cikin littafin babur. Na ukun kai za ka tsuguna ka ƙirga haƙoran, ka raba na baya da na gaba.

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, irin na ƙaramin babur. Ragin farko 3.3, giyar ƙarshe 0.95, haƙoran gaba 14, na baya 42, wato 3. Ninka su ukun, ka sami 9.4. Ma'ana sai inji ya juya sau 9.4 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya.

Yanzu auna zagayen taya. Yi alama da alli a taya da ƙasa, hau babur ɗin wani ya tura ka har alamar ta sake dawowa ƙasa, ka auna tsakanin. Tayar baya mai inci 18 takan ba da wajen mita 2. Idan inji yana juyi 8,000 a minti, raba da 9.4, taya tana juyi 850. Ninka da mita 2, mita 1,700 a minti. Ninka da 60, ka raba da 1,000, ka sami kilomita 102 a awa. Wannan shi ne rufin ɗakin. Ko da za a ɗora wa babur ɗin nan injin doki 40, muddin juyinsa bai wuce 8,000 ba, ba zai wuce 102 ba.

Wannan ne ya sa babur ɗin tsere mai doki 50 ba ya yin gudun da mutane ke zato. CRF450R yana zuwa da haƙora 13 a gaba, 49 a baya, da giya biyar da ke kusa da juna. An tsara shi ne ya fizga daga kwana zuwa kwana, ya tashi sama a tudun da aka gina, a filin da matsakaicin gudu bai cika wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa ba. AG200 ma haka, ta wata fuskar. An ƙera shi domin manoma da makiyayan Ostareliya da Niyu Zilan, aka ba shi giyar farko mai jan gaske yadda zai bi garken tumaki a hankali ba tare da an ƙona kuloci ba.

Ga abin da giya ke yi wa ƙarfin murɗa. A misalinmu, idan giyar farko 2.8 ce, jimlar ragin ta zama kusan 28. Nm 12 na inji ya koma sama da Nm 330 a taya, wanda ya yi daidai da turin kilo 100 da 'yan kai a ƙasa. A giyar ƙarshe, injin nan dai, turin bai wuce kilo 36 ba. Ba a ƙara doki ko ɗaya ba, musanya aka yi: an ba da gudu an karɓi ja.

To idan ka canja faranti fa? Ka sa mai haƙora 45 a baya, rufin ya sauko zuwa kilomita 95, ja ya ƙaru da kashi 7 cikin 100 a kowace giya. Ka sa mai haƙora 15 a gaba ka bar 42 a baya, lissafi ya ce 109. Haƙori ɗaya a gaba yana daidai da kusan uku a baya, saboda haka wanda yake son ɗan gyara kaɗan, baya zai taɓa. Idan farantin ya riga ya ci, haƙoransa sun yi tsini sun karkace, a canja shi tare da sarƙa da ɗan'uwansa gaba ɗaya, domin tsohuwar sarƙa tana cinye sabon faranti cikin ɗan lokaci. A kuma tabbata lambar sarƙar ta dace, ƙananan babura sukan yi amfani da 428, manya 520.

Wancan 109 ɗin kuwa, kada ka yi murna da shi tukuna.

Mataki na 5: Ba iska rabonta

Turin iska yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Idan ka ninka gudu sau biyu, turin ya ninka sau huɗu, ƙarfin da ake buƙata domin keta shi kuwa ya ninka sau takwas. Babur ɗin jeji shi ya fi kowane shan wahala a nan, ga tsawo, ga faffaɗan kan tuƙi, ga mahayi a miƙe kamar ƙofa.

A ƙiyasi, mutum matsakaici a kan irin wannan babur yana buƙatar wajen doki 2 a taya domin keta iska a gudun kilomita 60. A 100 yana buƙatar kusan 10. A 120 wajen 16. A 150 sama da 30. Dubi tazarar: daga 60 zuwa 100 doki 8 aka ƙara, daga 120 zuwa 150 kuwa wajen 15. Ninka ƙarfin inji sau biyu ba ya ƙara ƙarshen gudu sai da kashi 26 cikin 100. Shi ya sa Honda CRF300L, mai doki 27, wato ninki biyu da ɗoriya na XR150L, yake ƙarewa a wajen kilomita 130, ba 200 ba.

Mu koma kan mai haƙora 15. Daga 102 zuwa 109 ana buƙatar ƙarin ƙarfi kashi 22 cikin 100. Injin da ke da doki 10 da rabi a taya ba shi da wannan rarar. Abin da zai faru shi ne, ka sa giyar ƙarshe inji ya kasa hawa juyin da ƙarfinsa yake, ya tsaya a 6,500 yana nishi, gudun ya koma ƙasa da na da. Na sha ganin wanda ya yi wannan canjin yana mamakin yadda giya ta huɗu ta fi ta biyar gudu. Alamar ke nan cewa giyar ta fi ƙarfin injin. Idan kuwa a giyar ƙarshe inji yana kaiwa ƙarshen juyinsa da wuri yana ihu, kana jin akwai sauran ƙarfi, a nan ne ƙara haƙori a gaba zai yi amfani.

Iskar da ke kaɗawa ma tana cikin lissafi. Kana gudun 80, iskar hunturu tana bugo ka ta gaba da gudun 20, jikinka yana karɓar turin gudun 100 ne, fiye da rabi aka ƙara maka. Babbar riga da kaya masu faɗi a baya su ma suna ci.

Mataki na 6: Tambayi ƙasa nawa za ta karɓa

Duk abin da muka faɗa a sama a kan kwalta ne. Da zarar ka sauka, hukunci ya koma hannun ƙasa, kuma ta hanya biyu take yanke shi.

Ta farko, tana riƙe taya. A kwalta, jan da ƙasa ke yi wa taya bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka ba. Kilo 220 a gudun 40 bai cin ko doki ɗaya. A yashi mai laushi, inda taya ke nutsewa tana ture rairayi a gabanta, abin yana iya ninkawa sau goma. Wannan gudun 40 ɗin dai ya koma cin sama da doki 6. Ƙaramin babur ya ba da fiye da rabin ƙarfinsa ke nan tun bai gamu da tudu ba.

Ta biyu, tana ƙin karɓar turi. Taya ba za ta iya tura ƙasa fiye da yadda ƙasar ta riƙe ta ba. A busasshiyar ƙasa mai tsakuwa, riƙon bai cika wuce kashi 60 cikin 100 na nauyin da ke kan tayar ba. Ɗauki babur ɗin tsere da mahayinsa, kilo 180, ka ce ma duk nauyin ya koma baya. A gudun kilomita 30, abin da ƙasa za ta karɓa wajen doki 12 ne. Sauran doki 40 ɗin, idan ka murɗa totur duka, sai dai su tona rami su watsa ƙasa, ko su ɗaga ƙafar gaba sama. A laka lamarin ya fi haka muni. Wannan shi ne sirrin musun da muka fara da shi: a ƙunƙuntar hanya mai kwana-kwana, mai doki 12 da mai doki 50 kusan ƙarfi ɗaya suke sa wa ƙasa, sai wanda ya fi iya hannu ya wuce.

Hamadarmu ta taɓa ba da shaida a kan wannan. Tseren Faris zuwa Dakar na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Aljeriya, ya shigo Nijar ta Agadas har Yamai, ya wuce Mali, ya ƙare a Senegal a Janairun 1979. Wanda ya zo na ɗaya, gaban motoci ma, shi ne Cyril Neveu a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya da doki wajen 30. Na uku kuwa Honda ce mai cc 250. Daga baya Yamaha ta raɗa wa wani babur ɗinta sunan hamadar Tenere. Yau tseren ya koma Saudiyya tun 2020, an taƙaita injin babura a cc 450 tun 2011, an kuma sa musu iyakar gudu ta kilomita 160 a awa. Masu nasara a can suna cin lokaci ne a wurin karanta hanya da ratsa tudun yashi ba tare da sun kafe ba.

Abin da ke hannunka a nan abu uku ne, kuma taya ce kan gaba. Taya mai haƙora tana cizon ƙasa mai laushi, amma a kwalta tana rage gudu, tana saurin cinyewa, riƙonta kuma ya ragu musamman idan an yi ruwa. Idan haƙoran sun goge gefensu ya zama kumbo, doki nawa ka mallaka ba zai isa ƙasa ba. Sai iskar taya. Rage ta yana shimfiɗa tayar ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Masu tsere sukan sauko zuwa awo 12 zuwa 15, amma su suna da maƙalli da ke danne bakin taya a jikin ƙarfen ƙafa. Idan babur ɗinka ba shi da shi, kada ka sauka ƙasa da 18, domin taya za ta iya zamewa ta tsinke bakin tif, ko dutse ya matse shi ya huda. Da ka dawo kwalta ka tsaya wurin mai faci a mayar maka da awon da littafi ya ce.

Na biyu shakazoba. Tayar da ke tsalle a kan gargada rabin lokacinta a sama take, kuma tayar da ke sama ba ta tura komai. Shakazobar da mai ya tsiyaye daga cikinta tana cinye gudu fiye da duk abin da sabuwar salansa za ta ƙara.

Na uku jikinka. A yashi, ka matsa baya, ka sassauta riƙon kan tuƙi, ka riƙe totur a wuri ɗaya ba tare da saki da murɗawa ba, yadda ƙafar gaba za ta yi sauƙi ta hau sama. A gargada da duwatsu ka miƙe a kan matakai, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna shanye bugun. Inda ƙasa ke santsi, giya ɗaya sama da wadda ka saba takan sa taya ta daina ɓarin ƙasa ta kama.

Mataki na 7: Gwada, ka rubuta

Agogon gudun babur yakan ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kan gaskiya, kuma idan daga giya yake karantawa, canja faranti yana ƙara rikita shi. Yi amfani da manhajar GPS a waya, ka sa ta a aljihu ta ɗauki bayani, ka duba bayan ka tsaya. Idan babu, auna kilomita ɗaya, wani ya riƙe maka lokaci, ka raba 3,600 da yawan daƙiƙoƙin. Daƙiƙa 60 gudun 60 ne, daƙiƙa 45 gudun 80.

Zaɓi wurin da ba mutane, ba dabbobi, ba mahaɗar hanya, kuma ka fara bin sa a hankali ka ga ramukansa. Sa hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu. Ka tuna birki ma ƙasa yake roƙo. A burji mai tsakuwa, tsayawa daga gudun 40 tana cin wajen mita 16, daga 80 kuwa sama da mita 60, ban da mita 22 da kake shafewa a duk daƙiƙa ɗaya kafin hannunka ya kai ga birkin.

Yi gwajin zuwa da dawowa ka ɗauki tsakiya, saboda iska da gangara. Canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. Ni tsarin da nake bi shi ne in fara da waɗanda ba sa cin kuɗi: matatar iska, fulogi, man sarƙa da saƙinta, gogar birki, iskar taya. Bayan su sai sabuwar taya, sai faranti. Inji shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a kaiwa gare shi.

Gwajin da ya fi kowane amfani shi ne na hanyar da kake bi kullum, daga ƙofa zuwa ƙofa. A ce tafiyarka kilomita 30 ce, 20 burji mai kyau, 10 yashi. Kana yin 60 a burji, minti 20 ke nan. Kana yin 20 a yashi, minti 30. Jimla minti 50. Idan ka sayi babban inji ka koma yin 80 a burji, minti 5 ka rage, ka kuma ƙara nisan birkinka da kusan kashi 80 cikin 100. Idan kuwa ka sa taya mai haƙora, ka rage iska, ka ƙara haƙora uku a farantin baya, gudunka a yashi ya tashi daga 20 zuwa 30, minti 10 ka rage. Saboda haka ka raba hanyarka gida-gida a takarda, ka rubuta mintin da kowane yanki ke ci har sau uku a ranaku daban-daban, yankin da ya fi cin lokaci shi za ka fara yi wa gyara.